Tsamiyar da Na Nuna wa Madam Ramatu

Ran nan ina zaune a inuwar gareji ina jiran a ɗaura mani taya, na ji samari biyu masu tuƙa motocin porje, wato na ƙungiyoyin agaji, suna hira. Ɗayan yana cewa wai jagora ba sana'a ba ce. Wai yanzu waya ke nuna hanya, kai dai ka zaunar da baƙo a kujerar gaba, ka kunna mashi sanyi, ka riƙa miƙa yatsa kana cewa ga kaza ga kaza, da la'asar ka mai da shi masauki. Ɗan'uwansa ya yi dariya ya nuno ni ya ce, "Ai ga Ba Ari nan, tambaye shi, shekara talatin yana miƙa yatsa." Bakin gareji ba wurin doguwar magana ba ne. Amma na ce a raina zan rubuta. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, wato makarantar boko, saboda haka wanda ya ga kure a rubutun ya gyara. Labarin dai haka yake.

Ba a Diffa na koyi aikin ba, a Damagaram na koya. Na je can ina saurayi neman aikin mota, Allah ya haɗa ni da wani mutum ana ce mashi Maman Sani, mai wata doguwar Fijo ruwan toka. Shi ba ya ɗaukar fasinja. Aikinsa ya je otel da sassafe ya ɗauki baƙo ɗaya ko biyu, Nasara ko wani babban ma'aikaci daga Yamai, ya yini yana zagaya gari da su. Hanyarsa ɗaya ce, ba ta sakewa. Majema ake fara zuwa, tun rana ba ta ta da warin fatu ba. Daga nan sai Birni, a bar mota a taka da ƙafa cikin lunguna, a ga tsofaffin gidaje masu zane a bango, a tsaya ƙofar fada, a ratsa tsakanin manyan duwatsun nan. Da azahar abinci da hutu. Da yamma kasuwa da rumfunan dukawa, inda baƙo zai zaɓi jaka ko takalmi, sannan a hau dutse a kalli gari rana na faɗuwa. Shekara huɗu na yi a bayan motar nan. Ni ke wanke ta, ni ke riƙe ruwan sanyi, ni ke yin gaba in sanar da masu gida ga baƙi nan tafe.

A wurinsa na koyi cewa jagora ƙafar baƙo yake kallo, ba fuskarsa ba, don baƙo ba zai ce ya gaji ba, amma takunsa zai faɗa. Na koyi a aje mota inda inuwa za ta zo bayan awa biyu, ba inda take yanzu ba. Na koyi kada goro ya yanke a aljihun mota. Kuma a wurinsa na ɗauko abin da ya zame mani ciwo daga baya. Wata rana wani Nasara ya tsaya gaban wata ƙofar katako a Birni, ya tambayi shekarunta. Maman Sani ko ƙifta ido bai yi ba ya ce ɗari biyu. Da muka koma mota na ce, "Maigida, ba kafintan nan na bayan kasuwa ya yi ƙofar nan ba?"

Ya ce, "Shi ya yi, jiya ma tare muka sha shayi. Amma ka ji, Ari, jagora ba ya cewa ban sani ba. Ranar da ka faɗe ta, baƙo ya daina jin sauran maganarka."

Allah ya jiƙansa, ba na ɗora mashi laifina. Shi a kan ƙofar katako ya tsaya. Ni na kai abin inda bai taɓa kai shi ba.

Da na dawo gida da permi, wato lasin tuƙi, da wata tsohuwar Toyota, mutane suka yi ta yi mani dariya. "Me za ka nuna a Diffa? Rairayi?" Amma baƙi suna nan. Ma'aikatan gwamnati da ake turowa daga Yamai da Doso da Maraɗi, da manyan sojoji, da matansu in sun zo ziyara, duk ranar Lahadi zaman gida ke isar su. Mutum ya shekara a garin bai san komi ba sai hanyar biro, wato ofis, da hanyar masallaci. Su na fara ɗauka. Sai na tsara hanyata kamar yadda maigidana ya tsara tasa. Da safe wajen masu tattasai, baƙo ya ga buhuna jibge sun fi tsawon mutum, ya yi atishawa har hawaye, masu awo suna yi mashi sannu suna dariya. Daga nan bakin Komadugu, ya ga kwale-kwale da masu jefa birgi da matan da ke banda kifi, in nuna mashi cewa itatuwan can na ƙetare wata ƙasa ce. Sai mu kama hanyar yamma zuwa lambunan Shetimari. In lokacin shanya ne, nan baƙo ke tsayawa ya zuba ido. Tattasai a baje a ƙasa, ja wur, iyakar ganinka, mata suna bi suna juya shi. Ban taɓa kai mutum wurin nan ya ce a yi sauri a tafi ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne na taɓa manta shi sau ɗaya na sha wuya. Shebur, da farantan ƙarfe biyu na sa wa ƙarƙashin taya in mota ta kafe. Famfon iska, don kafin ka shiga rairayi sai ka rage iskar taya, in ka fito kwalta ka mayar, kuma da hannu ake yi, baƙo yana tsaye yana kallon zufarka. Jarka biyu, ɗaya esansi, wato man mota, ɗaya ruwa. Tabarma, buta, igiya, kayan shayi. Sai goro da ƙullin sukari, waɗanda ba na baƙo ba ne, na masu gari ne.

Nan ne asalin aikin, kuma nan samarin ba su sani ba. A ƙasar kogin nan ba a shiga ƙauye da baƙo kai tsaye. Sai ka fara sauka ƙofar bulama, wato mai gari. A shimfiɗa tabarma, ku tuɓe takalma, a fara gaisuwa da Barbarci, wushe da lale, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a komo a sake tambayar gida. Ka miƙa goro. A ɗora shayi. Ba za ka faɗi abin da ya kawo ka ba sai an tambaye ka. Awa ɗaya ba ta isa, wani lokaci biyu. Kuma duk baƙon da ya taɓa kwana a ƙauye, ko shekara nawa da wucewa, yana da mai masauki, kuma bulama ya san gidan. Mutanen kogi ba sa riƙe sunan baƙo na takarda. Suna ba shi nasu sunan, su riƙe gidan da ya sauka. Duk wannan na san shi tun ina ƙarami. Amma baƙina masu agogo ne, suna zaune a tabarma suna murza ƙafa, ni kuma ina so su sake nemana. A hankali na fara rage zaman. Daga baya na koma ɗaga wa bulama hannu daga cikin mota.

Aikin da nake so in ba ku labari ya zo mani ne a wata Lahadi, bayan an gama tsinkar tattasai. Mai otel ya aiko a kira ni, wai wata madam daga Yamai tana son mota da jagora na yini guda. Na tarar mace ce mai kamar shekara arba'in da wani abu, ma'aikaciyar lafiya, ta zo misiyo, wato ziyarar aiki, na mako ɗaya. Sunanta Ramatu, asalinsu mutanen Doso ne. Ta shiga gaba ta zauna, ta ciro wani tsohon hoto daga ambulan ta miƙo mani. Mutum ne siriri da farar riga mai gajeren hannu, yana tsaye kusa da jigon ban ruwa, agogo a hannunsa, bayansa akwai itace.

Ta ce, "Babana ne. Sumana Hamani. Malamin gona ne, an turo shi nan ina da shekara uku. Mu aka bar mu a garin Maine da innata, shi yana ƙauye. Can ya rasu lokacin da kogi ya cika ya yanke hanya. Kafin labari ya iso mana an daɗe da rufe shi. Takardar da aka aiko mana ba ta faɗi ƙauyen ba, ƙasar Shetimari kawai ta ce."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta ce, "Amin. Innata tana nan da rai, amma ta tsufa, ido ya tafi. Ba ta taɓa sanin inda yake kwance ba. Ta ce in na zo in nemi wurin in yi mashi addu'a, in ɗebo mata ƙasar wurin ko cikin tafin hannu ce. Ƙarfe huɗu ina da taro, gobe da asuba motarmu za ta koma. Za ka iya, Malam Ari?"

Na ce, "Madam, ƙasar nan ba inda ban sani ba."

Ku ji kuskuren farko. Maimakon in miƙe Shetimari tun da sanyin safiya, sai na ce ai hanya ce, bari ta ga gari. Na kai ta wajen masu tattasai. Na kai ta bakin kogi na tsaya ina bayanin banda. Abin da na iya ke nan, kuma ina so ta ga na iya. Mace ce mai kunya, ba ta katse ni ba, sai dai ta riƙa juya ambulan ɗin a cinyarta. Ba mu isa ƙauyukan ba sai da rana ta take.

Ƙauye uku na shiga. A kowanne na tsaya inda samari ke zaune, wajen mai shayi ko wajen mai gyaran injin ban ruwa, na leƙo ta taga na ce da Hausa, "Kun san wani Sumana Hamani, malamin gona?" Yaran da ko haifarsu ba a yi ba lokacin da ya rasu. Suka kalli juna suka ce a'a. A ƙauye na biyu har na hango ƙofar bulama, da tsofaffi zaune a inuwa. Na duba agogon mota, na ce in na sauka nan awa biyu ta tafi. Na wuce.

Wajen ƙarfe biyu ta juyo ta ce, "Malam Ari, ka san wurin kuwa? In ba ka sani ba ka gaya mani, ba komi."

Ta buɗe mani ƙofa da kanta, na ƙi bi. Na ce, "Na sani, Madam, tabbatarwa kawai nake yi." A bayan ƙauye na uku akwai wata babbar tsamiya, gindinta da tsofaffin kaburbura da suka kusa shafewa. Na tuna akwai itace a hoton. Na tsai da mota na ce, "Nan ne."

Ta ce, "Ta yaya ka gane?"

Na ce, "Tsofaffi sun sha gaya mani, nan ake rufe baƙi. Ga shi can, na gefen gabas."

Ta sauka ta tuɓe takalmi. Ba ta shiga ba, tun da mata ba sa shiga, ta tsaya daga nesa ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a. Sannan ta miƙo mani farin hankici ta ce in taimaka. Ni na shiga, ni na durƙusa, da hannuna na ɗebo ƙasar na ƙulle na kawo mata. Ta karɓa da hannu biyu. Ƙarfe huɗu saura kwata na sauke ta a ƙofar taro, ina jin na yi aiki.

Bayan mako biyu ta kira ni. Ta ce innarta ta karɓi ƙasar, ta shafa, ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta ce a gaya wa mutumin nan na Diffa Allah ya yi mashi albarka. Daga nan duk Sallah sai ta bugo mun gaisa, ta ce inna tana gaishe ni. Na riƙa amsawa da amin.

Sai muguwar shekara ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun gani da idonku, ko kun ji a gidajenku. Fitina ta ƙetaro kogi. Aka hana hawa babur, aka tsai da cinikin tattasai da na kifi, aka ce ƙauyukan bakin ruwa su tashi. Mutanen da nake kai baƙi su ga lambunansu suka dawo bakin kwalta wajen Gagamari, suka kafa bukkokin zana da leda, tare da waɗanda suka gudo daga ƙetare. Wa zai hau mota yawon ganin gari? Toyota ta yi wata bakwai a ƙofar gida har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Da na ga zaman ba zai yi ba, na nemi aikin tafinta wajen masu agaji, tun da ina jin Barbarci da Hausa da ɗan Faransanci. In kai su da safe, su yini suna rubuta sunaye, ni kuma in ba a bukace ni ba in zauna. Zaman tabarmar da na guje wa shekara da shekaru, sai ga shi dole ta sa ni.

A nan na saba da wani tsoho, Ba Kiyari. Ya haura tamanin, ya fito daga ƙauyensu da akwatin ƙarfe ɗaya. Wata rana ruwan sama ya shiga bukkarsa, da safe na tarar ya baje kayan akwatin a tabarma suna shan iska. Cikinsu akwai agogon hannu, irin na da mai murɗawa, naɗe a tsumma.

Na ce, "Ba Kiyari, ashe agogo gare ka, kake tambayata lokacin azahar kullum?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Amana ce. Na Agogoma ne."

Na ce wane ne Agogoma. Ya ce wani Bazabarme ne da gwamnati ta turo masu tun zamanin da ake ban ruwa da jigo. A gidan Ba Kiyari bulama ya sauke shi. "Komi nasa da agogo. Ya ce a ba yabanya ruwa na minti kaza, ya tsaya yana kallon hannu. Muna yi mashi dariya, muka sa mashi Agogoma, wato mai agogo. Amma irin da ya kawo ya yi kyau. Shekarar da kogi ya cika sosai zazzaɓi ya kama shi, babu hanyar fita. Ran da zai cika ya kwance agogon ya sa a hannuna, ya ce in ba ɗiyarsa, Ramatu. Mutanen biro sun zo daga baya sun ɗauki akwatinsa. Ban ba su agogon ba. Ɗiyarsa ya ce, bai ce biro ba. Da ruwa ya janye na tafi Maine a kan jaki, aka ce matar ta kwashe yara ta koma yamma."

Na ce, "Sunansa na takarda fa?"

Ya ce, "Wa ya san sunan takarda? Mu ba takarda muka sauke ba, mutum muka sauke."

Na tambaye shi inda aka rufe shi. Ya ce a makabartar gidansu, kusa da mahaifin shi Ba Kiyari, gindin wata aduwa. Na tambayi sunan ƙauyen, ko da yake na riga na sani. Ƙauye na biyu ne, inda na hango tsofaffi a inuwa na duba agogon mota na wuce. Na gaya mashi cewa ɗiyar ta taɓa zuwa, ni na kawo ta, ba mu dace ba. Ban gaya mashi maganar tsamiya ba.

Ya dube ni ya ce, "Kun sauka wajen bulama?"

Na ce, "Lokaci ya ƙure."

Ya ce, "Da kun sauka, kafin shayi na biyu an aika an kira ni. Kana da lambarta? To kira ta."

Na ce zan kira. Nan ne kuskuren da ya fi na farko, don na farko a cikin gaggawa na yi shi, wannan kuwa a zaune. Kiranta yana nufin in ce mata ƙasar da ke ƙarƙashin matashin innarta ba ta babanta ba ce, kuma na sani tun ranar cewa ban sani ba. Na yi ta ɗagawa. Ƙaramar Sallah ta zo, ta bugo, muka gaisa, ta ce inna tana gaishe ni, na ce ina amsawa. Babbar Sallah ta zo, haka. Duk ran da na je Gagamari Ba Kiyari zai ce, "Ari, ka kira?" In ce layi ba ya shiga. Har ya daina tambaya, sai dai ya kalle ni.

Wata rana na same shi kwance, tari ya kama shi. Ya kamo hannuna ya ce, "Ari, shekara arba'in da wani abu ina riƙe da kayan mutum. In na tafi da shi a akwati, ba ni za a tambaya ba, kai za a tambaya."

Na fita bayan bukkar na buga. Na faɗa mata duka, daga tsamiya har agogo, ban rage ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Yaushe ka sani?"

Na ce, "Ya fi shekara."

Ta ce, "Inna ta rasu wata biyar da suka wuce. Agogon nan ta sha ba mu labarinsa. Ta zaci mutanen biro suka sace." Ta kashe wayar.

Ta zo bayan damina, lokacin da aka fara barin mutane suna komawa gonakinsu da rana. Ban zaci ni za ta nema ba, amma ni ta nema. Wannan karon a baya ta zauna. Ban nuna mata komi a hanya ba. Muka miƙe Gagamari, muka sauka ƙofar bukkar bulaman ƙauyen su Ba Kiyari, na shimfiɗa tabarma, na miƙa goro da sukari. Aka yi gaisuwa har ta ƙare don kanta. Aka ɗora shayi. Sai da bulama ya tambaya sannan na faɗi abin da ya kawo mu. Aka riƙo Ba Kiyari aka kawo shi, ya ɗan ji sauƙi, akwatinsa a hannun ɗansa.

Ya dube ta da kyau ya ce in tambaye ta sunan innarta. Ta ce Hamsatu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ita ce. Kullum sunan nan yana bakinsa." Ta nuna mashi hoton, ya kai shi dab da ido, ya ce, "Jigona ne wannan." Sannan ya warware tsumman ya sa agogon a tafin hannunta, ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Ɗiyar mai agogo, kin yi latti. Da babanki na nan da ya yi maki faɗa." Duk tabarmar aka yi dariya, har da ita. Ta murɗa agogon ta kai kunne. Bai tashi ba. Ta ɗaura shi haka nan.

Ɗan Ba Kiyari ya shiga mota ya raka mu ƙauyen. Gidajen duk sun zube, amma aduwar tana nan. Ya shiga ya tsaya daidai kan wurin ya nuna, ita kuma ta tsaya daga nesa ta yi addu'arta. Na jira ta ce a ɗebo ƙasa, ba ta ce ba. Da ta dawo ta lura ina kallonta, ta ce, "Wadda ta so ƙasar ta tafi."

Muka shiga mota, na juya kan hanyar Diffa. Ta ce, "A'a. Kai ni tsamiyar."

Na kai ta. Ta buɗe jaka ta ciro farin hankicin nan, ya yi dauɗa, ƙullin da na yi da hannuna yana nan ba a kwance ba. Ta miƙo mani ta ce, "Kai ka ɗebo, kai za ka mayar."

Na tuɓe takalmi na shiga, na durƙusa a gefen gabas inda na ɗiba, na kwance ƙullin na zuba, na shafe wurin da tafin hannu. Da na fito ta ce, "Shekaru innata tana yi wa mai ƙasar nan addu'a safe da yamma. Ya kamata in san sunansa. Wa ke kwance a nan, Malam Ari?"

Shekara talatin ina aikin nan kalmar ba ta taɓa fita bakina gaban baƙo ba. Na ce, "Ban sani ba, Madam."

Ta ce, "To ɗauko goronka, mu je mu tambaya."

Bulaman wannan ƙauyen shi ma yana bakin kwalta, can gaba da inda muka baro. Na mayar wa tayoyi iska, muka koma, na sake shimfiɗa tabarma.